Murar da na kai wa Umma, da abin da na gane game da garkuwar jiki

Bara kamar yanzu na tashi da safe jikina duk ya mutu, kowace gaɓa kamar an daka ta a turmi, kai na sara, ga sanyi yana ratsa ni har ƙashi duk da na lulluɓa da bargo. Na ce ai mura ce, na watsa farasitamol biyu na fita aiki abina. Kwana biyu ina haka, in fita in dawo, kuma da na dawo sai in wuce ɗakin Umma in gaishe ta in zauna gefen gadonta muna hira kamar yadda muka saba, ina tari ina share hanci, ita kuma tana cewa "kai ɗan nan ka nemi magani mana", ina ce mata "Umma ba komai, gobe zan warware". A rana ta uku na kasa tashi. A rana ta biyar ita ta kwanta.

Umma ta haura shekara 70 kuma tana da ciwon suga. Da farko abin ya zo mata kamar yadda ya zo min, zazzaɓi da ciwon jiki da tari, har ta ɗan samu sauƙi ta fara zama a tsakar gida, muka ce alhamdulillah an wuce wajen. Kwatsam bayan kwana biyu zazzaɓin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko, numfashinta ya koma sama-sama, in ta yi magana sai ta tsaya ta huta a tsakiyar jimla. Da muka kai ta asibiti likita ya saurari ƙirjinta ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhu, ta hau kan murar. Kwana shida muka yi a can, biyu daga ciki da robar iska a hancinta. Allah ya tashi kafaɗunta, yanzu tana nan lafiya, amma wallahi har gobe in na tuna zaman da na riƙa yi gefen gadonta ina tari sai gabana ya faɗi, don ni na ɗauko abin daga waje na kawo mata har ɗaki.

Shi ya sa da na ji an fara cewa mura ta sake ɓarkewa, yara ana dawo da su daga makaranta, wurin aiki kujeru sun fara zama babu kowa, na ce bari in zauna in rubuta abin da na tattara tun daga waccan jinyar, don na yi ta tambayar likitoci na kuma yi karatu sosai a kai.

Abu na farko da ya ruɗe ni shi ne sunan kansa. Mu komai mura muke ce masa, daga ɗan yoyon hanci na kwana uku har zuwa wanda zai kayar da ƙato ya hana shi tashi sati guda. Alhali cuta biyu ce daban. Ta yau da kullum ɗin nan mai atishawa da majina da ƙaiƙayin maƙogwaro, ƙwayoyin bairas iri-iri ne ke kawo ta, sun fi 200, tana shigowa a hankali kuma yawanci mutum na iya harkokinsa. Ɗayar kuwa ita ce infuluwenza, wasu su ce fulu, ita ba ta sallama, da safe kana lafiya kafin la'asar zazzaɓi mai zafi ya rufe ka, ciwon kai, ciwon tsoka, busasshen tari, da wata irin kasala da ko ɗaga kofi sai ka yi da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum kusan biliyan 1 ke kamuwa da ita, miliyan 3 zuwa 5 abin ya yi musu tsanani, sannan tsakanin 290,000 zuwa 650,000 su rasu ta dalilin matsalar numfashin da take jawowa. Duk shekara fa, ba wai sai shekarar annoba ba. Da na fara ganin wannan adadi sai da na sake karantawa, don abin da nake kira "ai mura ce" ke nan.

Kuma abin da ya fi ba ni tsoro a halinta shi ne yadda take yaɗuwa kafin ma ka san kana ɗauke da ita. Daga shigarta jiki zuwa fara jin ciwo kwana 1 zuwa 4 ne, yawanci 2. Amma mutum na iya fara shafa wa wasu tun kwana guda kafin alamu su bayyana, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7 bayan ya kwanta, kuma kwana ukun farko su ne mafi haɗari. Yara ƙanana da masu raunin garkuwa ma suna iya wuce haka. To ku duba, daidai kwanakin da na ce zan daure in fita aiki, su ne kwanakin da na fi zuba ƙwayar cutar a iska, a mota, a ofis, a ɗakin Umma. Muna ɗaukar dauriya a matsayin jarumta, mutum ya zo aiki ido ja yana tari a ce masa sannu da ƙoƙari, ni yanzu in na ga haka tausayin na kusa da shi nake ji, don ban san wa ke jiransu a gida ba, ko jariri ne ko mai ciki ko tsoho mai ciwon zuciya.

Yanzu maganar garkuwar jiki, wadda ita ce kowa ke tambaya da zarar an ce mura ta shigo gari. Me zan sha in ƙara ƙarfin garkuwata? Ni ma ita na fara tambaya, har na sayi kwalabe uku na bitamin na jera a kan tebur. Sai da wata likita ta zaunar da ni ta yi min bayani na gane yadda abin yake. Garkuwar jiki ba wani abu guda ba ne kamar tankin mai da za ka ƙara masa lita biyu ya cika. Runduna ce mai sassa da yawa. Akwai masu tsaron ƙofa, wato fata da majinar da ke cikin hanci da maƙogwaro, da wasu 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani da suka shimfiɗu a hanyar numfashi suna ta kaɗawa dare da rana suna turo datti da ƙwayoyin cuta zuwa sama don a tofar ko a haɗiye. In ƙwayar ta tsallake nan ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jiki, sai su saki wasu sinadarai na gangami, ɗaya daga cikinsu ana ce masa intaferon, su ne ke sanar da maƙwabta cewa ɓarawo ya shigo. Zazzaɓin nan da ciwon jikin da kake ji, mafi yawansa aikin wannan gangamin ne, jikinka ne ke yaƙi. Sannan daga baya sai runduna ta biyu ta iso, fararen ƙwayoyin jini da ke koyon kamannin maƙiyin su ƙera masa makami daidai da shi, su kuma ajiye hotonsa don gaba. Wannan koyon yana cin kwanaki, sati ɗaya zuwa biyu, shi ya sa cutar da jiki bai taɓa gani ba ta fi wahalarwa.

Likitar ta ce min wani abu da ya zauna min a rai, ta ce "Malam, garkuwar da ta yi ƙarfi fiye da kima ai ita ma cuta ce." Borin jini da wasu ke yi in sun ci wani abu ko sun shaƙi ƙura, da asma, da cututtukan da jiki ke juyowa ya yaƙi gaɓoɓinsa da kansa, duk garkuwa ce ta wuce gona da iri. Don haka abin da ake nema shi ne ta yi aiki daidai, a daina tauye ta, a kuma koya mata abin da ke tafe. Duk wanda ya ce maka yana da garin magani ko ruwan kwalba da zai ninka maka garkuwa cikin kwana uku, tambaye shi wane sashe ne daga cikin rundunar zai ninka, za ka ga ba shi da amsa.

Abin da ke koya mata kuwa shi ne allurar riga-kafi, kuma a nan zan ɗan daɗe don na san da yawanmu muna da shakku. Tambayar da aka fi yi ita ce me ya sa ta ƙyanda ake yi a yarinta a gama, amma ta fulu sai an maimaita duk shekara? Dalili shi ne ƙwayar infuluwenza mai sauya riga ce. A bayanta akwai wasu ƙayoyi iri biyu da ake yi wa laƙabi da H da N, daga nan ne sunaye irin su H1N1 da H3N2 suka fito, kuma su ne fuskar da garkuwarka ke haddacewa. Duk lokacin da ƙwayar ke hayayyafa tana yin ƙananan kurakurai wajen kwafar kanta, a hankali a hankali ƙayoyin su canza kama, har ta kai makamin da jikinka ya ƙera bara ba ya kama ta sosai bana. Saboda haka tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da jerin ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashe da yawa da ke bin diddigin irin da ke yawo, kuma sau biyu a shekara masana ke zama, a watan Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, a watan Satumba don na kudanci, su zaɓi irin da za a sa a allurar kakar da ke tafe.

Gaskiya ita ce allurar ba ta kare mutum ɗari bisa ɗari, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A shekarar da hasashen ya dace da irin da ke yawo tana rage yiwuwar kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wata shekarar ƙasa da haka. Amma ko mutum ya kamu bayan ya yi ta, sau da yawa abin yakan zo da sauƙi, ba ya kai shi gadon asibiti, kuma ga mai shekarun Umma wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Tana ɗaukar kamar sati 2 kafin ta fara aiki, shi ya sa wani zai yi allura yau jibi ya kwanta ya ce ita ta sa masa, alhali ya riga ya ɗauko cutar tun kafin ya je, ko kuma wata murar ce daban. Wadda ake yi a damtse ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, ba za ta iya sa maka fulu ba, iyakarta hannu ya yi tsami ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Ana yin ta daga wata 6 da haihuwa zuwa sama. Jaririn da bai kai nan ba kariyarsa na hannun na kusa da shi, kuma in uwa ta yi allurar tana da ciki, makaman da jikinta ya ƙera suna ratsawa su isa ga ɗan, ya fito da su su tsare shi a watannin farko. In ana samunta a inda kuke, ku tambaya, musamman don tsofaffi daga shekara 65, masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu asma, suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, sikila ko HIV.

Bayan allura, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne barci. Na ɗauka zancen iyaye ne kawai. Ashe an gwada. A wani bincike da aka wallafa a 2015 a Amurka, wanda Aric Prather da Sheldon Cohen suka yi da abokan aikinsu, an ɗauki mutum 164 masu lafiya aka auna barcinsu na sati guda da wata na'ura ta ɗaurawa a hannu, sannan aka ɗiga musu ƙwayar murar yau da kullum a hanci da gangan aka killace su ana kallo. Waɗanda ke barcin ƙasa da awa 6 sun fi masu yin sama da awa 7 kamuwa fiye da sau 4. Ƙwaya ɗaya aka ba kowa, bambancin barci ne. E, da ƙwayar ƙaramar mura aka yi gwajin, amma rundunar da ke tare ta ita ce dai ke tare babbar. Da na waiwaya baya sai na tuna satin da na kamu ina kai ƙarfe ɗaya na dare ina danna waya, in tashi da sassafe. Yanzu in mura ta shigo gari, abu na farko da nake yi shi ne in ajiye waya nesa da gado da wuri. Yawan damuwa ma haka take, wadda ta daɗe tana cin mutum wata da watanni, tana dagula aikin garkuwa, sai dai ita ba a iya ce wa mutum ya ajiye ta kamar waya, kowa da nauyin da ke kansa, amma ko samun wanda za ka faɗa wa abin da ke ranka yana rage wani abu.

Bitamin C kuwa, wanda shi ne kowa ke rugawa ya saya, labarinsa ya samo asali ne daga Linus Pauling, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel har sau biyu, shi ya yayata a 1970 cewa shan sa da yawa na hana murar yau da kullum, kuma saboda girman sunansa duniya ta ɗauka. Daga baya an yi gwaje-gwaje da yawa, kuma da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara su a 2013, na mutum sama da 11,000, sai aka ga cewa ga yawancin mutane shan sa kullum ba ya hana kamuwa, abin da yake yi shi ne ya ɗan rage tsawon kwanakin, kamar kashi 8 cikin ɗari ga manya. In kuma sai da murar ta kama ka sannan ka fara sha, ba a ga wani amfani tabbatacce ba. Babban mutum abin da yake buƙata a rana bai kai miligiram 100 ba, 'ya'yan itace da ganye sun isa su ba shi, ragowar da ka ɗura fita yake a fitsari, in ya yi yawa ma ya ɓata ciki. Bitamin D shi ma amfaninsa ya fi fitowa ga wanda dama yake da ƙarancinsa. To ka ga maganar ta koma kan cin abinci mai kyau kullum, mai gina jiki da kayan lambu da 'ya'yan itace, don rashin abinci mai gina jiki na daga cikin manyan abubuwan da ke karya garkuwa a duniya, kuma ba kwalbar da za ta maye gurbinsa.

Motsa jiki na taimakawa, ko tafiyar ƙafa ce da ɗan sauri, minti 150 a sati shi ne abin da ake ba manya shawara, amma in zazzaɓi ya kama ka ka haƙura ka kwanta. Sigari kuwa kai tsaye take kashe aikin 'yan gashin nan masu share hanyar numfashi, kuma hayaƙinta ba mai shan kaɗai yake yi wa illa ba, har yaran da ke ɗakin. Mai suga ya kula da sugansa sosai a irin wannan lokaci, don ciwo na sa ya hau, hawansa kuma na ƙara raunana jiki, mun ga wannan da idonmu a jinyar Umma.

Sai dai duk ƙarfin garkuwarka, gara ƙwayar ba ta iso ka ba tun farko. Tana tafiya ne a cikin feshin tari da atishawa da ma numfashi da magana, manyan ɗigo su faɗo kusa, ƙananan su yi ta shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Kuma lokacin sanyi shi ne lokacin da muke rufe tagogi ruf mu cunkushe a ɗaki ɗaya, ga busasshiyar iska da ƙwayar ke jin daɗinta. Buɗe taga ko na ɗan lokaci ne yana rage ta a iska, kuma kyauta ne. Tana iya kwana ɗaya har biyu a kan abu mai tauri kamar mariƙin ƙofa ko waya, ka taɓa ka kai hannu ido ko hanci ba tare da ka sani ba. Abin daɗin shi ne rigarta ta waje maiƙo ce, sabulu na farfasa ta, shi ya sa wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 yake aiki, a cuɗa har tsakanin yatsu da bayan hannu, ba a jiƙa a yarfe ba. In babu ruwa, sanitaiza mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60. Tari a tishu a jefar, ko a cikin gwiwar hannu. Takunkumi kuma ya fi amfani a fuskar mara lafiyan kansa, don a bakin ƙofa yake tare abin.

Wanda ke ganin waɗannan ƙananan abubuwa ba sa komai, ya tuna lokacin korona. A kakar 2020 zuwa 2021, da mutane suka sa takunkumi suka rage cunkoso da tafiye-tafiye, infuluwenza ta kusa ɓacewa a ƙasashe da yawa, har wani reshe nata guda da ake kira B/Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa yana yawo ba tun watan Maris na 2020, aka ma fara cire shi daga allura. Tarihi ma ya nuna haka tun annobar infuluwenza ta 1918, wadda ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ta kashe aƙalla miliyan 50. A birnin Filadelfiya na Amurka hukumomi suka bari aka yi wani gagarumin fareti ranar 28 ga Satumba, mutum wajen 200,000 suka fito titi, cikin kwanaki kaɗan gadajen asibitocin birnin suka cika maƙil. Birnin St. Louis kuwa ya rufe makarantu da wuraren taruwa da wuri, kuma yawan mace-macensa idan aka kwatanta da yawan jama'a ya tsaya kusan rabin na Filadelfiya.

To in duk da haka ta kama ka fa? Ka zauna a gida, wannan shi ne abin da na kasa yi. Ka zauna har sai zazzaɓi ya sauka ya yi awa 24 bai dawo ba, ba tare da ka sha maganin saukar da shi ba. In da hali ka ware ɗaki, kofinka daban, tawul ɗinka daban, mutum ɗaya ya riƙa kula da kai kuma kada ya zama mai ciki ko tsoho. Ka sha ruwa sosai don zazzaɓi na ƙona ruwan jiki, in fitsari ya yi duhu ko ya ragu to ruwan bai isa ba. Farasitamol na rage zafi da ciwon jiki, amma a kula, babba kada ya wuce giram 4 a rana, kuma yawancin magungunan mura na haɗi da ake sayarwa akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya sha wannan ya sha wancan ya ninka bai sani ba, hanta ce ke biyan kuɗin. A duba takardar kwalin. Kada a ba yaro ko matashi asfirin in yana da fulu, yana iya jawo wata muguwar cuta da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Zuma na lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Sai antibayotik, wanda na ga mutane na sha kamar alewa da zarar hanci ya fara yoyo. Bakteriya yake kashewa, infuluwenza kuma bairas ce, ko kwali guda ka shanye ba zai taɓa ta ba, sai dai ya kashe maka ƙwayoyi masu amfani na cikin hanji ya kuma koya wa miyagun yadda za su jure masa, ranar da kake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Umma an ba ta shi, amma don bakteriya ce ta samu huhunta a raunane bayan fulu ta shiga, kuma likita ne ya duba ya yanke. Maganin da ke yaƙar fulu ɗin kanta akwai shi, irin su oseltamivir da aka fi sani da Tamiflu, sai dai ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da fara ciwo. Wannan ne abin da ya fi ci min rai, don da na san haka, ranar da Umma ta fara zazzaɓi zan kai ta, ba zan tsaya jiran mu ga yadda za ta kwana ba. Duk wanda ke cikin rukunin masu haɗarin nan, ranar farko ake neman likita. Kuma ba kowane zazzaɓi ne fulu ba, korona da maleriya da wasunsu na iya farawa da kama ɗaya, gwaji ne ke rabewa.

Alamomin da ba a jira da su ko tsakar dare ne: numfashi da ƙyar ko da sauri, ciwo ko nauyi a ƙirji, leɓe ko farce su canza launi su yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ruɗewa ko mutum ya yi ta barci a kasa tashe shi sosai, jijjiga, daina fitsari, da kuma wadda ta same mu, a samu sauƙi sannan zazzaɓi da tari su dawo da ƙarfi. Ga yaro a ƙara da ƙin shan nono ko ruwa, kuka ba hawaye, da haƙarƙari na shiga ciki in yana jan numfashi. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zafin jiki ya kai digiri 38 kawai ya isa a tafi asibiti.

Satin da ya wuce ƙaramar 'yata ta dawo daga makaranta tana atishawa, jikinta da ɗumi. Kafin ta cire takalmi ta nufi ɗakin kakarta da gudu kamar kullum, na riƙo hannunta na ce "Mamana tsaya, yau daga bakin ƙofa za ki gaida Hajiya." Ta ɓata fuska, Umma ma daga ciki tana cewa "ka bar min ita ta shigo mana, me zai same ni." Na ce "Umma ki yi haƙuri, kwana biyar kawai." Muka buɗe tagogi, na kira makarantar na ce ba za ta zo ba sai ta warke, na sa mata kujera a bakin ƙofar, tana daga nan tana ba kakarta labarin abin da aka yi a aji, ita kuma tana amsa mata daga kan gado. Yau kwana na huɗu ke nan, zazzaɓin yarinyar ya sauka tun jiya da safe, Umma kuma ko tari ba ta yi ba.